Takardar Gayya ta Gidan Gishiri

Tangvik, 6 ga Mayu

Zuwa ga Yayata Oddny,

Gaisuwa mai yawa daga bakin ruwa, da fatan kin tashi lafiya. Ya ƙarfin jiki? Hannun daman ya fara jin magana kuwa? Ki gaishe mini da 'yarki Ragna da maigidanta da yaran, ki ce ina yi mata sannu da ɗawainiya. Na san waya tana gajiyar da ke tun da ciwon nan ya taɓa harshe, shi ya sa na koma takarda.

Iyalai goma sha huɗu sun cire 'ya'yansu daga Gidan Gishiri jiya Litinin. Yara goma sha tara ke nan cikin hamsin da biyu. Dukansu daga benayen unguwar Myra suke, ban da iyali ɗaya. A cikinsu har da Yordanos, yarinyar da ke ɗauke da wasan kwaikwayon watan Yuni, ga shi saura mako shida a buɗe labule. Gara ki ji daga bakina kafin ki ji daga na Bjørg, 'yar kwamitinmu.

Kin san farkon labarin, amma bari in jera shi yadda aka koya mini a jarida, ko ni ma na gan shi a shimfiɗe.

Shekara uku da suka wuce, bayan kin koma arewa wurin Ragna, kwamiti ya amince da tsarin nan da muka kira Ƙofa a Buɗe. Ni na rubuta shi. Shekara talatin ina gyara rubutun wasu a jaridar garin nan, saboda haka duk abin da ake so ya fito da tsabta hannuna ake miƙa wa. Muka yafe kuɗin rajista ga mai bukata, muka fassara sanarwa zuwa harsuna biyar, muka matsar da lokacin gwaji ya dace da motar Myra. Yara suka zo, 'yan Eritriya da Siriya da Somaliya da Poland. Gidan da kika kafa a tsohuwar ma'ajiyar gishiri ya cika har sai da muka ƙara ƙugiyoyin rataye riguna.

A shekara ta biyu wata ƙwararriya ta zo daga birni ta yi mana bita ta yini ɗaya. Ta raba mana 'yan takardu rawaya masu gam, ta ce kowa ya rubuta abin da yake ganin yana tare wa baƙo hanya, ya manna a bango. Takardu huɗu suka ce aikin gayya. Hujjar ba ta da aibi a kunne: iyayen nan suna aikin karɓa-karɓa a masana'antar kifi da gidan tsofaffi, ba su saba da al'adarmu ba, bai kamata a ce sai sun toya kek sun goge dakali kafin 'ya'yansu su hau dandamali ba. Aka yanke shawarar cire su daga takardar gayya. Aka kuma yanke cewa ba za a gaya musu ba, don kada wani ya ji an nuna shi da yatsa.

Haka aka tafi shekara biyu.

Ranar Asabar ta ƙarshen Afrilu muka yi kasuwar gwanjo ta bazara. Letay, mahaifiyar Yordanos, wadda ke kula da marasa ƙarfi a gidan tsofaffi, ta shigo ɗauke da wani faffaɗan burodi nasu, himbasha, mai zane kamar ƙafar keke a samansa, naɗe cikin farin ƙyalle mai ado a baki. Ta nufi teburin kek, inda Bjørg take mulki kamar yadda kika bar ta. Ina tsaye kusa da tukunyar gahawa, na ji komai.

Bjørg ta ce, "Haba Letay, 'yar uwa, wa ya sa ki wannan wahala? Ai ku ba kwa cikin takarda."

Letay ta ce, "Wace takarda?"

Bjørg ta waigo ta dube ni. Na duƙa ina gyara kofuna.

Kin tuna dokar da kika kafa tun ranar da gyaɗa ta kusa kashe ɗan Aksel: duk abin da zai hau tebur sai da 'yar takardar da ta faɗi abin da ke cikinsa. Ana aika 'yar takardar ne tare da jadawalin gayya. Wanda ba ya cikin jadawalin bai taɓa ganinta ba. Bjørg ta ce bari ta ajiye burodin a ƙarƙashin tebur har a samo biro a rubuta. Jama'a suka yi yawa, wainar wafil ta fara ƙonewa, ta manta.

Yordanos ce ta same shi da la'asar, lokacin da ake kwashe kaya, tsakanin kwalaye, ko kwance shi ba a yi ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga kicin, ta tura ƙofa, ta karanta jadawalin da ke manne a bayanta daga sama har ƙasa, tana bi da yatsa. Sai ta ɗauki hotonsa ta fita.

Wasiƙar da iyayen suka kawo jiya layi uku ce, da sa hannu goma sha huɗu. Ga ta: "Shekara biyu muna jiran a kira mu. Mun ɗauka layi ne bai zo kanmu ba. Yanzu mun gane ba ma kan layin."

Na gyara rubutu da yawa a rayuwata, Yaya. Wannan ban ga abin cirewa a cikinsa ba.

Steinar, wanda har yanzu shi ne shugaban kwamiti, ya kira taro ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Yana cewa rashin fahimta ne, za a warware. Ni abin da nake so kaɗan ne: Yordanos ta dawo, kuma ta dawo tare da mahaifiyarta. Idan su biyun suka shigo, sauran za su biyo.

Burodin yana wurina. An bar shi a kan tebur, na kawo shi gida na sa a firiza. Ban san dalili ba.

Allah ya ƙara sauƙi. Ki riƙa yin atisayen hannun ko da ba kya so.

Ƙanwarki,
Gunvor


Tangvik, 20 ga Mayu

Yaya Oddny,

Ina gaishe ki da kyau. Ragna ta ce kin taka har bakin shago da sanda ɗaya, na yi murna ƙwarai. Ya sanyin can, ya fara saki? Nan itatuwa sun yi ganye. Ranar bikin ƙasa yaranmu sun bi jerin gwano da tutar Gidan Gishiri, sai dai da ƙyar aka samu masu riƙe igiyoyinta.

An yi taron. Bai gyara komai ba, ina jin ma ya ƙara ɓatawa.

Steinar ya sa masa suna taron sauraro. Muka jera kujeru a da'ira, domin ƙwararriyar nan ta taɓa cewa tebur yana raba mutane. Kwamiti ya toya kek kala bakwai. Bjørg ta rubuta 'yar takarda a kan kowanne da manyan baƙaƙe. Iyaye takwas suka zo. Babu wanda ya cire kwat.

Steinar ya yi magana minti goma sha biyu, na duba agogo. Ya ce niyya mai kyau ce. Ya faɗi kalmar niyya sau tara.

Wanda ya fara amsawa shi ne Dakta Mirza, likitan haƙori, iyalin nan ɗaya da na ce miki ba daga Myra suke ba. Kin san shi tun yana jariri, a asibitin garin nan aka haife shi. Ya ce, "Steinar, bara na cire maka turame biyu, ban ji ka ce in huta ba. Babana ya shekara ashirin yana soya wafil a filin ƙwallo, har ke Bjørg kin ci. A wace bita aka gaya muku na gaji?"

Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Daga nan Tove Lund ta miƙe. Ba a gayyace ta ba, ta ji labari ne ta zo. Ita kaɗai take riƙon ɗanta Eirik, tana yanka kifi a masana'anta, kuma sunanta bai taɓa barin jadawali ba. Ta ce, "Ni ce wadda kuke nema, ga ni. Ni ce mai aikin karɓa-karɓa. Sau uku na kasa zuwa gayya, sau uku aka turo mini saƙon tuni da 'yar fuskar murmushi a ƙarshe. Na huɗun ban jira shi ba, na cire yarona. Ko mutum ɗaya bai tambaye ni dalili ba." Lokacin da ya bar mu, a littafina na rubuta cewa Eirik ya koma ƙwallon hannu. Abin da na zata ke nan, ban bincika ba.

Letay ta jira sai can ƙarshe. Ta yi tambaya ɗaya da muryarta ta kullum, wadda take lallashin tsofaffi da ita. Ta ce, "Wa ya zaɓi sunayen, kuma da me ya auna?"

Steinar ya ce shawarar kwamiti ce gaba ɗaya.

Ni ce mai rubuta bayanin taro, littafi yana kan cinyata. Na rubuta: "An tambayi yadda aka zaɓi sunayen. An amsa cewa shawarar kwamiti ce." Jimla biyu, babu sunan wanda ya aikata a ko ɗaya. Da ɗan koyo ne ya kawo mini su a jarida, da na mayar masa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan an tashi. Kin san yadda ake yi, kowa ya ɗauki kujerarsa ya kai bango. Letay ta ɗauki tata, ta haɗa da ta kusa da ita, ta nufi inda ake jerawa. Steinar ya taho da sauri ya kama ƙafar kujerar. Ya ce, "A'a, a'a, bar shi Letay, yau ku baƙinmu ne."

Ta tsaya tana kallonsa, kujera tsakaninsu, kowa riƙe da gefe. Sai ta saki. Ta goge tafin hannunta a jikin kwat, ta ce, "To, mun gode da karɓar baƙi." Su takwas suka fita. Tove ta bi su.

Steinar ya juyo yana tambayata me ya faɗa kuma. Tsakani da Allah yake tambaya. Mutumin kirki ne, kin sani, kuma wannan shi ne abin da ya sa ban ga ta inda za a fita ba. Da mugu ne da sai mu cire shi mu huta.

Kek kala bakwai, an taɓa biyu. Mu shida muka wanke kofuna.

Ki gaishe da kowa. Idan hannu ya yarda ki rubuto mini ko layi ɗaya.

Taki,
Gunvor


Tangvik, 9 ga Yuni

Yayata,

Barka da warhaka, ya jiki? Katinki ya iso ranar Laraba. Rubutun hagun ya fi na watan jiya miƙewa, har na iya karantawa ba tare da tabarau ba. Ki yi wa Ragna godiyar hoton da ta haɗo.

Kalma huɗu kika rubuto: "Wa ya riƙe biron?"

Ni ce.

Tun muna yara ba na iya ɓoye miki abu fiye da mako biyu, wannan karon na kai wata guda. Kwamiti ya yanke shawara, gaskiya ne, amma ya bar wa sakatariya, wato ni, aiwatarwa. Wata Lahadi da rana na zauna a teburin kicin da jerin sunayen iyaye da rula da jan biro. Ban buga wa kowa waya ba. Ban duba wa ke aiki ina ba, ko da yake yana rubuce a takardun rajista, a aljihun tebur, taku uku daga inda nake zaune. Na bi sunaye ne kawai. Duk wanda harshena ya yi tuntuɓe a kansa na ja masa layi. Aikin bai kai minti ashirin ba, kuma na tashi ina jin na yi abin kirki.

Haka Mirza ya fita, haka Tove ta zauna. Akwai kuma Sagal Hansen, 'yar Somaliya ce, a Myra take, amma sunan mijinta ya tsare ta daga alherinmu. Ta zo kowace gayya, ta yi fenti, ta yi faɗa da Bjørg a kan tsawon labule, suka shirya. Yau ita ke riƙe da makullin ɗakin sutura. Shekara biyu hujja tana yawo a gabana da makulli a wuya, ban karanta ta ba.

Ranar Asabar na je wurin Letay. Na wanke ƙyallenta na goge, shi ne dalilin da na riƙa. Bene na huɗu, lif ya lalace. Ta buɗe, ta dubi ƙyallen, ta dube ni, ta matsa gefe.

Ta zaunar da ni, ta fito da ɗanyar gahawa ta soya a ƙaramin kasko, ta kawo mini hayaƙin in shaƙa, ta daka, ta ɗora tulun gahawar a kan ɗan murhun lantarki. Na gaya mata kafin kofin farko ya huce: rula, jan biro, minti ashirin. Ban saka kalmar niyya ba.

Ta ce, "Na san ke ce. Kin duƙa kina gyara kofuna ranar nan, alhali a gyare suke."

Na ajiye kofina. Ta zuba mini na biyu.

Ta ce, "Ni nake yi wa mahaifiyar Steinar wanka duk safiya. Hannuna ya isa wannan, bai isa teburin kek ba?"

Na ce ba ƙyama ba ce.

Ta ce, "Na sani. Da ƙyama ce da na san inda zan ajiye ta, ina da wurinta tuntuni. Tausayi ne, shi kuwa ban san inda ake sa shi ba."

Ta ba ni labarin shekara uku da ta yi a sansanin masu neman mafaka kafin a ba ta takarda. Ba a yarda su yi aiki ba. Ana kawo abinci, ana kawo barguna, ana kawo mutanen kirki su yi musu waƙa. Ta ce babu wanda ya taɓa zaginta a can, amma ta fito tana jin kamar kayan da aka ajiye. Ranar da ta fita ta yi alkawari ba za ta sake zama a yi mata ba. Da Yordanos ta shiga wurinmu, abokan aikinta suka gaya mata yadda abin yake: za a turo miki jadawali, ki shirya, a wurin fenti da wanke-wanke ake sanin mutane a garin nan. Ta ce bazara biyu tana musayar aiki da wata don Asabar ɗin kasuwa ta zama tata. Ta zauna a gida da waya a hannu. A ta ukun ta ce wataƙila saƙon ne yake ɓata, bari ta toya ta je.

Muna cikin haka Yordanos ta shigo daga makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa. Ta ƙara tsawo, ko kuwa ni ce ban taɓa ganinta daga zaune ba.

Ta ce, "A'a, Gunvor ce da kanta. Sau biyu kin sa hotona a bangon rahoton shekara. Sunan mamata bai samu wuri a bayan ƙofar kicin ba."

A nan na yi kuskuren da na yi wa kaina alkawari a kan matakala ba zan yi ba. Na ce, wasan fa? Saura mako biyu.

Ta ce, "Ki cire ni a hankali, kada wani ya ji an nuna shi da yatsa." Ta shige ɗaki.

Kin san ni da karance-karance. Na san gahawarsu zagaye uku ce, na ukun shi ne na albarka, kuma baƙo ba ya tashi kafin a sha shi. Ina riƙe da kofina ina jira. Letay ta miƙa hannu ta zare wayar murhun daga bango, ta ɗauke tulun, ta fara tattara kofuna. Na ce bari in taya ta wankewa. Ta ce, "A'a, bar shi. Ke baƙuwa ce."

Ba da gatse ta faɗa ba, ko kuma ta iya ɓoye shi fiye da yadda zan gane. Ta raka ni har bakin matakala, ta ce in gaishe ki. Ta ce ta ji labarinki wurin tsofaffi, wai ke ce kika sa shugaban tashar jiragen ruwa wanke bayan gida.

Burodin ban ambata ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ki yi mini addu'a irin taki, ko faɗa, duk wanda ya fi sauƙin rubutawa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Gunvor


Tangvik, 22 ga Agusta

Yaya Oddny,

Sallama da gaisuwa, da neman afuwar shirun wata biyu. Ina fatan zafin bana bai takura miki ba, kuma maganin da aka canza ya karɓe ki. Na ji ƙaramin Ragna ya fara makaranta, Allah ya raya. Ni lafiyata ƙalau, sai gwiwa.

An yi wasan ranar da aka sa. Jikar Bjørg ta karɓi matsayin Yordanos, ta haddace cikin kwana goma, ta yi iya ƙoƙarinta. An yanke fitowa uku saboda babu masu yi. Kujerun gefen taga, inda mutanen Myra suka saba zama, muka bar su a jere, babu wanda ya yi ƙarfin halin kwashewa. Aka tafa, aka sha gahawa, aka watse da wuri.

A taron ƙarshen Yuni na karanta wa kwamiti gyara ga bayanin taron Mayu: "Gunvor Myklebust ce ta zaɓi sunayen, kuma da sautinsu ta auna." Steinar ya roƙe ni in sassauta, ya ce ba al'adarmu ba ce a ɗora wa mutum ɗaya. Na ce shekara talatin ina hana mutane rubuta "an yi", ba zan ƙare da shi ba. Aka shigar. Daga nan kwamiti ya kafa ƙaramin kwamiti da zai duba lamarin, aka kuma amince a sake gayyato ƙwararriyar nan a watan Oktoba. Ni kaɗai na ƙi ɗaga hannu. Bjørg ta ɗaga tana kuka.

Iyayen Myra sun buɗe nasu. Akwai wani ɗakin taro a ƙasan bene na biyu da aka daɗe ba a amfani da shi, suka nema aka ba su. Wata Asabar cikin Yuli na bi ta wurin, ba zan ce miki hanya ce ta kai ni ba. Ta taga na ga Dakta Mirza a kan tsani da fenti a gashi, Tove tana riƙe masa, tana ce masa, "Likita, in ka faɗo ni ba na gyaran ƙashi, kifi kawai nake yankawa." Letay tana tsakiyar ɗaki da takarda a hannu tana rarraba aiki. Yordanos tana koya wa ƙanana yadda ake faɗuwa a dandamali ba a ji ciwo ba, yadda kika koya wa malaminta. Ban shiga ba. Ba a ganni ba, ko an ganni an ƙyale.

Ya kamata in ji daɗi, kuma wani ɓangare nawa ya ji. Amma garin mutum dubu bakwai yanzu yana da gidajen wasan yara biyu, kuma kowa ya san wanne ne na wa. Sagal Hansen ta kawo makullin ɗakin sutura ranar Litinin, ta ce ba fushi take ba, ta gaji ne da zama hujja.

Na daɗe ina tunanin abin da Letay ta ce game da ke da shugaban tasha. Na tuna ranar. Ya zo da kwat mai tsada yana cewa zai aiko da wani ya yi masa, kika miƙa masa buroshi kika ce 'yarsa ba za ta hau dandamali ɗaya da 'ya'yan masunta ba sai ya durƙusa inda iyayensu suka durƙusa. A lokacin na ɗauka rashin kunya ne irin naki. Ke ba ki taɓa rubuta tsari ba, ba ki fassara komai zuwa harsuna biyar ba. Kin dai ƙi ɗaga wa kowa ƙafa. Ni na karanta littattafai a kan yadda ake shigo da mutane, na zo na rufe ƙofa ɗaya tak da ake shigowa ta cikinta.

Gobe Asabar akwai gayya, za a kankare bangon da ke fuskantar teku kafin ruwan kaka. Na yi sabon jadawali da sunan kowa bi da bi, daga farkon baƙaƙe zuwa ƙarshe, da layi a ƙasa cewa wanda ba zai iya ba ya faɗa, ba sai ya kawo dalili ba. Na aika wa iyalai goma sha huɗun nan da Tove, ko da yake 'ya'yansu ba sa cikin rajista. Steinar ya ce rashin ta-ido ne a nemi aiki wurin mutanen da muka ɓata wa rai. Na ce shi ne abu ɗaya da suka taɓa nema. Letay tana layi na talatin da ɗaya, ɓangaren kankare fenti, ƙarfe tara zuwa sha biyu. Na haɗa mata da 'yar takardar kek.

Kwana goma ke nan. Babu wanda ya amsa, ko da a'a.

Na sayi ƙarin safar hannu goma sha biyar duk da haka. Burodin yana nan a firiza, ya fara yin fari a gefe. Ba na iya ci, ba na iya zubarwa.

Ki huta lafiya, Yaya. Ki yafe mini abin da na yi da gidanki. Ki gaishe da Ragna da yara.

Ƙanwarki har kullum,
Gunvor

Ƙari, kafin in liƙe ambulan: na haɗu da mai kula da benayen Myra a gidan waya. Ya ce Letay ta ba da sanarwar barin gidanta ƙarshen Satumba, za su koma kudu wurin ɗan'uwanta, ita da Yordanos. Majiya ɗaya ce. Ban samu ta biyu ba tukuna.